Saƙonni sun maƙale tsakanin sabar gaba da sabar ciki: ina kuskuren yake?

Ɗan Koyo:
Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina neman taimakon waɗanda suka riga ni a wannan fanni. Muna da saba guda biyu, dukansu suna aiki da Postfix, manhajar karɓa da aika imel. Ta farko ita ce ke fuskantar intanet, tana karɓar imel a ƙofa (port) ta 25 ta tace shi, ta biyu kuma tana ciki a adireshin 10.0.0.5, kuma a kanta akwatunan ma'aikata suke. Wanda ya kafa ta kafin in karɓi aikin ya sa ta sauraro a ƙofa ta 2525. Bari in kira domen ɗinmu example.com. Abin da nake so shi ne duk saƙon da ya zo wa example.com ya wuce daga ta gaba zuwa ta ciki. Na sa domen ɗin a `relay_domains`, jerin domen ɗin da saba ke karɓar saƙonsu ta tura gaba, na rubuta `example.com smtp:example.com:2525` a fayil ɗin transport, wato taswirar da ke nuna inda za a kai saƙon kowane domen, na yi `postmap` domin Postfix ya iya karanta ta, na sake loda Postfix. Tun jiya da yamma ko saƙo ɗaya bai isa ciki ba, duk sun taru a layi da bayanin "Connection refused", wato an ƙi haɗin. Na shiga DNS, tsarin da ke ajiye bayanan domen, ina neman gurbin da zan rubuta 2525 a bayanin MX, wanda ke faɗin sabar da ke karɓar imel ɗin domen, ban gan shi ba. Shin wani abu na tsallake?

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Ka daina neman wannan gurbin, domin babu shi. Bayanin MX abu biyu kawai yake ɗauka, lambar fifiko da sunan saba, kuma haka yake tun da aka shigo da shi a 1986. Duk sabar duniya da za ta aiko maka saƙo za ta tambayi MX, ta sami suna, ta mai da shi adireshi, sannan ta ƙwanƙwasa ƙofa ta 25, ba tare da ta tambaye ka ko kana son wata ƙofar ba. Zaɓin ƙofa yana hannunka ne kawai a tsakanin sababin da kai kake iko da su.

Yanzu ka koma kundin da Postfix ke rubuta ayyukansa, ka dubi layin da ya ce an ƙi haɗin. Kada ka tsaya a kalmomin, ka karanta adireshin da ke gabansu. Ina kyautata zaton ba 10.0.0.5 za ka gani ba.

Ɗan Koyo:
Gaskiyarka, Malam. Adireshin waje na ita sabar gaban ne a wurin. Ke nan kanta take kira?

Tsohon Hannu:
Kanta take kira. Da ka rubuta example.com tsirara a gefen dama, Postfix ya ɗauke shi a matsayin domen, sai ya tambayi DNS wace ce MX ɗinsa, DNS kuwa ta faɗi gaskiya, ta ce ai sabar gaba ce. Sai ya je ƙofa ta 2525 a kan na'urar da yake zaune, inda babu mai sauraro. Maganin shi ne baka biyu masu kusurwa, waɗanda ke gaya wa Postfix cewa wannan suna ko adireshi shi ne wurin zuwa kai tsaye, kada ya nemi MX. Rubuta haka: `example.com relay:[10.0.0.5]:2525`. Ka lura na canza smtp zuwa relay. Aikinsu ɗaya ne, amma mai kula da layi yana ware wa kowannensu nasa rabon, don haka idan wata rana saƙonnin fita suka cunkushe saboda wata saba mai nisa ta yi nauyi, na shigowa ba za su tsaya a bayansu ba. Idan kuna da ƙananan domen a ƙarƙashin babban, sai ka ƙara layi na biyu da ɗigo a gaban sunan. Bayan `postmap`, ka tambayi taswirar da kanka da `postmap -q example.com` tare da sunan fayil ɗin, domin ka tabbata abin da ka rubuta shi ne abin da Postfix ke karantawa, sannan ka yi `postqueue -f` a sake gwada waɗanda ke jira.

Kada kuma hankalinka ya tashi game da saƙonnin jiya. Ƙin haɗi matsala ce ta wucin gadi a idon SMTP, ƙa'idar aika imel tsakanin saba da saba, kuma Postfix yana riƙe saƙo kwana 5 kafin ya mayar wa mai shi, matuƙar ba a taɓa wannan saitin ba.

Injiniyan Sadarwa:
Ni dai ina ganin an tsawaita abin da bai kai ya kawo ba. Me ya sa ba za a bar katangar tsaro (firewall) ta yi aikin ba? Doka ɗaya ce: duk abin da ya zo ƙofa ta 25 daga waje a karkatar da shi zuwa 10.0.0.5 a ƙofa ta 2525. Babu taswira, babu layi, babu saba ta biyu da za a riƙa sabuntawa. Na yi haka sau da dama kuma yana aiki.

Malama Mai Linux:
Injiniya, yana aiki, amma ba abin da ɗan'uwanmu ya tambaya ba ne. Ya ce sabar gaba tana tace saƙo, karkatarwa a katanga kuwa tsallake tacewar gaba ɗaya ce. Akwai kuma amfani na biyu da za a rasa: idan sabar ciki ta mutu ko ana gyaranta, ta gaba tana karɓar saƙo ta ajiye har ta dawo, ita kuwa katanga ba ta ajiye komai.

Abin da ya fi damuna da wannan shawara shi ne wani tarko da ya kama ni da kaina a wani wuri da na yi aiki. Na'urar da ke karkatar da haɗin ba adireshin zuwa kaɗai take canzawa ba, har da na mai aikowa, ta yadda duk wanda ya ƙwanƙwasa daga ko'ina a duniya, sabar imel tana ganinsa da adireshin katangar. Adireshin katangar kuwa yana cikin `mynetworks`, wato jerin amintattu da aka yarda su aika saƙo zuwa ko'ina ba tare da kalmar sirri ba. Cikin dare ɗaya sabar ta zama dandalin masu aika wasiƙun banza, washegari muka tarar da adireshinmu a jerin waɗanda ake toshewa, kuma fita daga irin wannan jeri ya fi shiga wuya nesa ba kusa ba. Saboda haka duk wanda zai karkatar da ƙofa ta 25, ya duba kundin sabar ya ga ko adireshin asali na mai aikowa yana bayyana. Idan HAProxy ne a gaba, wato manhajar da ke karɓar haɗi ta miƙa wa sabar da ke bayanta, akwai ƙa'idar PROXY da ke isar da adireshin asali, kuma Postfix ya san ta tun siga ta 2.10, amma sai an kunna ta a ɓangarorin biyu.

Injiniyan Sadarwa:
Na karɓi batun tacewa, Malama, ban lura da shi a tambayar ba. Amma tarkon da kika faɗa laifin wanda ya haɗa canjin adireshin mai aikowa ne da karkatarwar, ba laifin karkatarwar ba. Idan adireshin zuwa kaɗai aka canza, sabar tana ganin kowa da fuskarsa.

Malama Mai Linux:
Haka ne, ban musa ba. Sai dai wasu ƙananan na'urori suna haɗa biyun ba tare da sun faɗa maka ba, shi ya sa na ce a duba kundin kafin a kwanta barci.

Ɗan Koyo:
Na gode muku duka. Na gyara layin kamar yadda Malam ya ce, yanzu kundin yana nuna 10.0.0.5 da 2525, amma har yanzu amsar ita ce "Connection refused". Shin katangar da ke tsakaninsu ce ke hanawa?

Tsohon Hannu:
An sami ci gaba, tunda yanzu gidan da ya dace ake zuwa. Ka bambanta amsoshi biyu da mutane ke gwamutsawa. Idan aka ce lokaci ya ƙare ba a sami amsa ba, yawanci katanga ce ke haɗiye fakitin shiru, ko kuma hanya ce ba ta kai ba. Idan aka ce an ƙi haɗin, yawanci an isa na'urar, ita ce ta amsa cewa babu mai sauraro a wannan ƙofar. Na ce yawanci domin ana iya saita katanga ta ƙi a fili. Shiga sabar ciki ka buga `ss -ltn`, umarnin da ke nuna ƙofofin da ake sauraro a kansu, ka kawo mana layin da ke ɗauke da 2525.

Ɗan Koyo:
Ga abin da na gani: 127.0.0.1:2525. A master.cf, fayil ɗin da ake saita ƙofofin Postfix, ma haka aka rubuta, kuma a ƙarƙashinsa akwai layukan saiti da yawa da suka fara da `-o`. Zan goge 127.0.0.1 ɗin in bar 2525 kawai.

Malama Mai Linux:
Dakata tukuna, ƙanena, kada ka goge. Adireshin 127.0.0.1 yana nufin ƙofar tana sauraron na'urar kanta ne kaɗai, shi ya sa ta gaba ba ta samun shiga. Amma ka tambayi kanka dalilin da ya sa wanda ya riga ka ya kulle ta haka. Daga bayaninka, ina zargin wannan ƙofar dawowa ce daga matacin saƙo, daga lokacin da komai ke kan na'ura ɗaya. Tsarin sananne ne: Postfix ya karɓi saƙo a 25, ya miƙa wa mataci irin Amavis a 10024, shi kuma bayan ya duba ya dawo da shi ta 10025. Ƙofar dawowar ana cire mata kusan duk binciken da ake yi wa baƙo, domin an riga an yi shi, kuma ana kashe mata tacewa don kada saƙo ya yi ta zagaye tsakanin su biyun. Layukan `-o` ɗin da ka gani su ne wannan sassaucin. Idan ka bar 2525 tsirara, za ta saurari kowane adireshin da na'urar ke da shi, da duk sassaucin nan a jikinta.

Abin da zan yi a matsayinka shi ne in rubuta 10.0.0.5:2525, in karanta layukan `-o` ɗaya bayan ɗaya, in sa adireshin sabar gaba shi kaɗai a `mynetworks` na wannan ƙofar, ba dukan zangon 10.0.0.0 ba, sannan in sa katangar sabar ciki ta ƙi kowa a 2525 ban da ita. Kuma tunda adireshin sauraro ka canza, ka tsayar da Postfix ka tashe shi gaba ɗaya, ya fi tabbas.

Mai Sa Ido:
Ina bin muhawarar tun farko, kuma akwai tambayar da ba wanda ya yi: me ya sa dole sai 2525? Sabar ciki na'ura ce daban, ƙofarta ta 25 tana nan. A yi amfani da ita, a rufe ta da katanga, a huta. Lambar 2525 ba wata ƙa'idar imel da ta ware ta, al'ada ce kawai da kamfanonin aika saƙo suka yaɗa domin kauce wa toshewar da ake yi wa 25. Wanda ke zaton ɓoye ƙofa a wata lamba tsaro ne yana yaudarar kansa, domin manhajar binciken ƙofofi za ta gano ta cikin ɗan lokaci. Abin da kawai ake samu shi ne wanda zai gaji aikin nan gaba ya sha irin wahalar da ɗan'uwanmu ke sha yau.

Tsohon Hannu:
A batun tsaro ina tare da kai ɗari bisa ɗari. Amma akwai dalili mai kyau na ware ƙofa, wanda ba ɓoyewa ba ne. A Postfix kowace ƙofa a master.cf tana iya ɗaukar nata dokokin. Idan firintoci da manhajojin cikin gida suna aika saƙo ta ƙofa ta 25 ta sabar ciki, su ba a tace nasu ba tukuna, na sabar gaba kuwa an tace. Ƙofa biyu, doka biyu, kuma kundin yana nuna maka ta inda kowane saƙo ya shigo idan ka ba kowace ƙofa nata `syslog_name`. Sharaɗin kawai a rubuta dalilin a cikin fayil ɗin, layi ɗaya na sharhi ya isa, abin da wanda ya gabace shi bai yi ba.

Idan ma ana son a rage matakai, akwai hanya ta uku. In manhajar Dovecot ce ke riƙe da akwatunan, sabar gaba za ta iya miƙa mata kai tsaye da LMTP, ɗan'uwan SMTP na isar da saƙo zuwa akwati, wanda aka saba sa shi a ƙofa ta 24. LMTP yana ba da amsa ga kowane mai karɓa daban bayan an miƙa saƙo, don haka mai karɓar ba ya bukatar layin ajiya. Ƙa'idarsa ta 1996 ta hana a sa shi a ƙofa ta 25. Ban ba da wannan shawara yau ba, domin mutumin da saƙonninsa ke jira ba lokacin sake gini ba ne gare shi.

Mai Sa Ido:
Na yarda da dalilin doka biyu. Ban yarda cewa shi ne dalilin a yawancin wuraren da na gani ba, amma wannan wata magana ce.

Ɗan Koyo:
Alhamdu lillahi, layin ya fara raguwa, kundin yana nuna `status=sent` ta 10.0.0.5. Na bi shawarar Malama sak. Saura saƙonnin fita. Ina so sabar ciki ta miƙa wa ta gaba, ita kuma ta fitar. Sai dai na gwada haɗuwa da wata sabar waje a ƙofa ta 25 daga sabar gaba, shiru har lokaci ya ƙare.

Injiniyan Sadarwa:
Wannan kam fannina ne. Mai ba ku masauki ne ya toshe 25 ta fita, kuma ba ku kaɗai ba. Google Cloud yana toshe ta zuwa adireshin waje, Amazon kuma yana taƙaita ta a sababinsa na haya (EC2) sai an nemi a cire. Dalilinsu na'urorin da aka yi wa kutse suna aika wasiƙun banza ta nan. Ko dai ka nemi a buɗe maka, ko ka bi ta sabar wani mai aika saƙo da sunan shiga da kalmar sirri. Idan ta biyun ce, a main.cf, babban fayil ɗin saitin Postfix, na sabar gaba ka sa `relayhost = [smtp.example.net]:587`, wato sabar da za a riƙa miƙa wa saƙonnin fita. Abin da ke kayar da mutane a nan shi ne fayil ɗin kalmar sirri: abin da ke gefen hagu dole ya zama daidai da yadda ka rubuta relayhost, da bakansa da lambar ƙofarsa, in ba haka ba Postfix ba zai ga kalmar ba, ya je hannu rabbana a kore shi. Kada ka ji tsoron relayhost zai kwashe saƙonnin example.com, taswirar transport tana gaba da shi.

Mai Sa Ido:
Me ya sa 587 ba 465 ba? Mutane har yanzu suna maimaita cewa 465 ta tsufa, alhali labarin ya canza. An yi mata rajista a 1997, aka janye a shekarar da ta biyo baya, aka koma ga 587 da STARTTLS, inda ake fara magana a fili sannan a nemi a koma ɓoye. Amma a 2018 takardar ƙa'ida ta RFC 8314 ta dawo da 465 domin miƙa saƙo, da ɓoyewa tun daga numfashin farko. Raunin STARTTLS shi ne wanda ya tsaya a tsakiyar hanya zai iya share tayin ɓoyewar, mai aikawa kuma idan bai nace ba ya ci gaba a fili.

Malama Mai Linux:
Tarihin daidai ne, amma raunin yana rufuwa idan mai aikawa ya nace. Da `smtp_tls_security_level = encrypt`, Postfix ba zai miƙa komai ba sai an ɓoye, don haka 587 ba ta da laifi. Wanda ya fi son 465 kuma sai ya kunna `smtp_tls_wrappermode`, wanda ya zo a siga ta 3.0. A kula, idan aka sa waɗannan a main.cf, sun hau kan duk haɗin da sabar ke fita da shi, har da na zuwa 10.0.0.5, wadda wataƙila ba ta da takardar shaida ko ba ta jiran ɓoyewa daga farko. Sai ka ga an gyara fita an karya shiga. Nan ne raba relay da smtp da Malam ya yi ya biya kuɗinsa: a master.cf sai a ba kowannensu nasa `-o`.

Tsohon Hannu:
Abu biyu kafin ka sa relayhost a sabar ciki, ɗan'uwa. Na farko, ka tabbata ta san cewa ita ce masaukin ƙarshe na example.com, ko ta `mydestination` ko ta `virtual_mailbox_domains`, gwargwadon yadda akwatunan suke. Idan ba ta sani ba, za ta karɓi saƙo daga ta gaba, ta ga ba nata ba ne, ta mayar mata, ita kuma ta duba taswira ta sake turowa. Kowane zagaye yana ƙara layin Received a kan saƙon, sai sun kai 50 Postfix zai yanke ya mayar wa mai aikowa. Tunda saƙonninka sun shiga akwatuna, da alama wannan yana daidai, amma ƙananan domen da laƙabobi su ne ke faɗawa ramin.

Na biyu ya fi muhimmanci. A yanzu sabar gaba tana karɓar saƙo ga kowane suna a example.com, ko akwai shi ko babu, domin ba ta da jerin ma'aikata. Ta karɓa, ta ciki ta ƙi, sai ta gaba ta rubuta takardar mayarwa zuwa ga adireshin mai aikowa, wanda a wasiƙun banza kusan kullum na jabu ne. Ka zama mai damun mutanen da ba su taɓa rubuto maka ba, kuma wannan ma yana kai adireshi jerin toshewa. Ko ka ba ta jerin ta `relay_recipient_maps`, ko ka sa `reject_unverified_recipient` ta riƙa tambayar ta ciki tun mai aikowa yana kan layi. Na fi son jerin idan ana iya sabunta shi da kansa, domin yana aiki ko ta ciki tana kwance.

Mai Sa Ido:
Ga wanda zai zo ya karanta wannan yana kan Exim, wata manhajar imel irin Postfix: a jerin hanyoyi na manualroute ana ninka alamar ɗigo biyu tsakanin saba da ƙofa, a rubuta 10.0.0.5::2525, domin guda ɗaya a can mai raba jeri ce.

Ɗan Koyo:
Na sa `reject_unverified_recipient` na ɗan lokaci, na aika wa sunan da babu shi daga waje, an ƙi shi nan take ba tare da ya shiga layi ba. Fita ta 587 ma ta yi aiki, bayan na gano na manta lambar ƙofa a fayil ɗin kalmar sirri, kamar yadda Injiniya ya yi gargaɗi. Na rubuta sharhi a saman layin 2525 a master.cf. Jerin ma'aikatan yana cikin LDAP, rumbun da ke ajiye sunaye da adireshin masu amfani, gobe in sha Allahu zan gwada haɗa sabar gaba da shi, kuma idan ya ƙi zan dawo da abin da kundin ya rubuta. Allah ya saka muku da alheri.

Malama Mai Linux:
Amin. Idan za ka haɗa ta da LDAP, ka buɗe mata asusu mai karatu kaɗai, wanda ba ya ganin komai sai adireshin imel, tunda ita ce ke fuskantar waje.